Balan-balan a Ƙirjin Maigidana

Maigidana mutum ne mai jiki, kuma ni ban taɓa ganin aibun hakan ba. A unguwarmu ta Panshekara, in aka ga magidanci ya rame, ba shi ake yi da shi ba, da tukunyar matarsa ake yi. To ni dai ta wannan ɓangaren babu wadda ta taɓa samun bakin magana a kaina. Teɓarsa kan riga shi shiga zaure. In ya tsayar da adaidaita sahu, direban sai ya dube shi, ya waiwaya ya dubi kujera, sannan ya ce bismilla da muryar wanda ya miƙa wuya.

Aikinsa kula da sito ne a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Ranar da gobara ta tashi a siton magungunan jima, kowa ya yi ta kansa, shi kuwa ya kafe a bakin ƙofa da tiyon ruwa, wai kayan amana ne, har sai da 'yan kwana-kwana suka zo suka ture shi gefe. Da ƙafarsa ya dawo gida, yana ƙaurin hayaƙi, gashin girarsa a babbake. Ya ci tuwo har da ƙari. Ya ba ni labarin jarumtarsa, ya ba yara, ya fita ya ba mai shago. Washegari da hantsi na lura ba ya kai magana ƙarshe sai ya tsaya ya ja numfashi, alhali mutum ne wanda in ya ɗauko zance kiran salla kaɗai ke raba shi da shi. Kafin la'asar leɓensa ya yi wani irin duhu. Muka kwashe shi sai asibiti. Ban gama gane abin da ake ciki ba aka shige da shi ɗakin waɗanda jiki ya yi wa tsanani, aka sa shi barci, aka zura masa roba ta baki, inji ya karɓi numfashinsa.

Likitar da ke kula da shi wata 'yar gajeriyar mata ce, mai magana a hankali, wadda da a kasuwa na gamu da ita sai in ce ɗaliba ce. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce hayaƙin ya ƙone masa huhu ta ciki, ya kumbura ya tara ruwa, kuma babu wata allura da za a yi masa ya warke nan take. Abin da za su iya shi ne su riƙe huhun a buɗe, ba tare da sun ji masa wani ciwon ba, har ya warke da kansa. In sun iya, zai tashi. In ba su iya ba, ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba. Na fito na zauna a dakali, tsoro ya cika ni fal.

Abokan aikinsa kuwa suka mai da jinyar tamkar aikin kamfani. Suka kafa sansani a gindin wata darbejiya a harabar asibitin, suka raba wa kansu duti. 'Yan dutin safe su zo bayan an tashi, 'yan rana su leƙo kafin su shiga, wanda zai tafi ya tsaya ya miƙa wa wanda ya zo bayanin yadda ake ciki. Kowa da filas ɗin shayinsa ko jarkar kunun da matarsa ta damo wa mara lafiya. Na gaji da cewa mutumin nan ko ruwa ba ya sha. Sai su ce to Allah ya ba shi lafiya, su buɗe su shanye a madadinsa.

Shugaban sansanin shi ne babban amininsa, wanda kowa ke kira Mai Boila. Dogo ne siriri, mutumin wani ƙauye a Jigawa, tare suka shiga kamfanin tun suna samari. Aikinsa tun daga lokacin bai canza ba: yana zaune gaban ƙatuwar tukunyar tururin kamfani, idonsa a kan allurar agogon da ke nuna ƙarfin matsin da ke ciki, abin da su ke kira firesha. In allura ta hau, ya buɗe bawul ya rage. In jan fitila ta kama, jiniya ta yi kuka, hannunsa ya riga tunaninsa isa wurin. Matarsa ta taɓa gaya mini ko butar shayi ce ta fara huci a kan wuta, sai ya katse hira ya je ya ɗaga murfin. Tsakanina da shi kuwa sai girmamawa. Shekara da shekaru yana zuwa gidanmu, ta bayan labule muke gaisawa, ni in ce Malam, shi ya ce Malama saboda ina koyarwa a firamare. Ban taɓa tsayawa na kalli tsakar idonsa ba.

Kwanaki kaɗan da kwanciyar, jikin ya ƙi gaba. Akwai wata lamba a allon da ke saman gadonsa, wadda nas ta koya mini cewa ita ke nuna yawan iskar da ke shiga jini, ita kuwa kullum sai ƙasa take yi. Likita ta kira ni. Ta ce injin yana tura iska, amma ba ta san nauyin da ke danne huhun daga waje ba, don haka a duhu take saita shi. In ta tura kaɗan, huhun zai riƙa lotsewa duk bayan numfashi. In ta tura da yawa, zai yage. Tana so ta auna. Za ta zura wata siririyar roba ta hancinsa zuwa hanyar abinci, a bakin robar akwai ɗan balan-balan, zai zauna a bayan zuciya, daidai tsakanin huhun biyu. Duk abin da ke matse huhu zai matse shi, shi kuma ya faɗa wa inji. Ta ce ba a cika yin haka a nan ba, ita ma a inda ta ƙaro karatu ta koya.

Na tambaye ta wai balan-balan irin wanda yara ke hurawa ranar salla. Ta yi murmushi ta nuna mini shi a cikin ledarsa, ɗan abu bai kai yatsa ba. Sai na tambayi abin da bai kamata in tambaya ba, na ce to wai me zai danne huhun mutum yana kwance abinsa. Ta dubi tudun da ke ƙarƙashin zanen gado, ta ce yawanci nauyin ƙirji ne da na ciki. Wallahi ji na yi kamar ta kira sunan miyar kukata a gaban alƙali. Duk man shanun da na kwarara, duk tsokar kazar da na ɗebe daga kwanon yara na ƙara masa, ga su can sun hau ƙirjin bawan Allah sun zauna. Na ce ta yi abin da ya dace.

Ta bayan gilashi na kalli aikin. Ta zura robar a hankali, idonta a kan allo, ta ɗan tura iska da sirinji. Daga nan ta ɗora hannu biyu a ƙirjinsa ta danna, kamar mai kwaɓin fulawa, har na yunƙura zan buga gilashin. Daga baya ta ce gwadawa take ta ga ko balan-balan ɗin ya zauna inda ya kamata. Wani sabon layi ya fito a allon, yana hawa yana sauka, kuma a jikinsa akwai wata 'yar rawa ƙanana-ƙanana. Nas ta ce mini bugun zuciyarsa ne ke taɓa balan-balan ɗin. Na daɗe ina kallon 'yar rawar nan. Tun da aka kwantar da shi, shi ne abu na farko da na gani wanda shi da kansa yake yi, ba inji ba.

Awon ya nuna abin da likita ta zata. Matsin waje ya fi ƙarfin abin da injin ke bari a cikin huhun, don haka ta ƙara. Kafin azahar lambar nan da ke ta gangarowa ta tsaya, har ta ɗan ɗaga. Na fito da murnata na nufi gindin darbejiya, ko mayafina ban gyara ba, na ce musu alhamdu lillahi, an gano matsalar, an ƙara masa firesha.

Babu wanda ya taya ni murna. Mai Boila ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa.

"Malama, ƙarawa kuka ce ko ragewa?"

Na ce ƙarawa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya juya ga jama'a ya soma bayani, ba da faɗa ba, da muryar mai karanta wasiyya. Ya ce tunda yake bai taɓa jin inda abu ya yi rauni aka ce maganinsa a ƙara masa firesha ba. Tukunyar ƙarfe ma in ta tsufa rage mata ake yi, balle huhun ɗan Adam da hayaƙi ya ci. Wani direban kamfani ya kawo labarin tayar da ta fashe a hannun mai faci a Sharada. Wani ya ce shi dama tun da ya ji zancen balan-balan hankalinsa bai kwanta ba, don bai san abin da balan-balan ya iya ba in ban da fashewa. Na yi ƙoƙarin maimaita abin da likita ta ce, sai na dagula shi, na ce ai akwai firesha ta waje da ta ciki. Mai Boila ya ce to ga shi nan, biyu ma ke nan, ta yi masa yawa. Kafin a kira la'asar sun yanke shawara: ko dai in shiga in ce a rage, ko a ɗauke shi a kai shi gida a nemi na gargajiya.

Raina ya ɓaci, na kuma ji tsoro, don maganar mutumin ba ta mahaukaci ba ce. Shi fa ya san firesha, ni kuwa alli na sani. Amma da idona na ga lambar ta ɗaga. Na ce musu babu inda za a kai shi, kuma babu abin da zan ce a rage. Abin da na iya yi shi ne na roƙi likita ta bar Mai Boila ya shiga ya gani da idonsa, ko ya sauka daga kan bakarsa, su ma sauran su sauka. Ta amince.

Aka sa shi ya cire takalmi, aka ɗaura masa wata koriyar riga a kan tasa, aka kifa masa hular leda. Muka shiga tare. Ya tsaya a kan amininsa, ya ga roba a baki, roba a hanci, ƙirji na tashi yana sauka da umarnin inji. Ya yi masa sallama a hankali, ya ce 'yan duti duk suna gaishe shi. Sannan idonsa ya koma kan injin, ya tsaya cak a kan lambobin, irin tsayuwar da ya saba.

Ana haka sai maigidana ya yi wani ɗan tari a cikin barcinsa. Injin ya ɗauki ƙara, jan fitila ta kama walƙiya, lamba ta yi tsalle sama. Ni na riga na saba, yakan yi hakan ya daina. Mai Boila bai saba ba. Na ga kafaɗarsa ta motsa, hannunsa na dama ya miƙe ya nufi wani maɓalli mai kama da murfin kwalba a jikin injin.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Ni dai na ga hannuna biyu a wuyan rigarsa ta baya, na fizgo shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Koriyar rigar ta tsinke, tasa ta ciki ta yage har kafaɗa, hular leda ta yi nata wuri. Muka yi baya tare muka daki bango, shi a gaba ni a baya, ban kuma saki ba. Mutumin da ban taɓa miƙa wa kofin ruwa hannu da hannu ba, ga ni na shaƙe shi har idonsa ya firfito, ina cewa ta cikin haƙora, in kuka taɓa sai na karya hannun.

Nas ta zo a guje. Kafin ta iso ma ƙarar ta tsaya da kanta. Ta dube mu, ta dubi injin, sannan ta ce mini cikin ladabi in sake shi haka nan, ai maɓallin a kulle yake, ko ya wuni yana murɗawa babu abin da zai canza. Tirƙashi. Na saki wuyan rigar mutane, na rasa inda zan sa idona.

A baranda ya zauna a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa, sai ga babban mutum yana hawaye. Ya ce wallahi bai yi niyya ba, hannun ne ya tafi. Ya ce shi ba zai iya tsayawa yana kallon jan fitila a kan wannan mutumin ba, hannunsa a aljihu. Fushina ya bi iska, sai kunya da tausayi suka rage.

Na ɗauka likita za ta hana shi sake taka wurin. Sai ta fito da safar hannu ta roba, ta durƙusa a gabansa, ta hura mata iska kaɗan ta ɗora a benci. Ta ce ya ɗora tafin hannunsa a kai ya danna. Ya danna, safar ta lotse. Ta ce kada ya ɗaga, ta sake hurawa kaɗan, ba ta tashi ba. Ta hura da ƙarfi, sai ga safar ta ɗago hannunsa, kuma ba ta fashe ba. Ta ce masa hannunsa shi ne nauyin ƙirji da ciki. Ita ba lambar injin kaɗai take kallo ba, tana cire ta wajen daga ta cikin, abin da ya rage shi ne ainihin abin da huhun ke ɗauka, kuma shi ɗin kaɗan ne. Balan-balan ɗin shi ke gaya mata ta wajen. Ya ƙura wa safar ido. Can ya ce wato tukunyar tasa a cikin wata tukunyar take. Ta ce kusan haka. Ya ce su tasu a fili take, babu mai danne ta. Bai ce ya yarda ba, amma da ya koma gindin darbejiya, riƙe da wuyan riga, ya ce wa jama'a a bar zancen kai shi gida. Da suka tambayi abin da ya sami rigarsa, sai ya ce ƙusa ce. Ni kuma na bi shi da nas na roƙe su, don girman Allah, kada maganar nan ta isa kunnen maigida ko da ya farka.

Daga nan abin ya riƙa sauƙi a hankali. Kullum likita ta duba layin balan-balan, ta ɗan rage wa injin ƙarfi, har aka zare siririyar robar, daga baya aka tashe shi daga barcin, aka zare babbar ma. Ya buɗe ido ya gan ni, muryarsa a dishe, ya rame har wuyansa ya fito. Na ɗauka an gama. Ashe saura. Likita ta ce akwai majina da baƙin hayaƙi cunkushe a ƙirjinsa, dole ya yi tari mai ƙarfi ya fitar da su da kansa. In bai yi ba, za su toshe shi, a mayar da shi kan inji, kuma komawa ta biyu ta fi ta farko haɗari.

Shi kuwa ya ce atafau. Tari na yi masa zafi kamar ana yanka shi, don haka sai ya yi ɗan gyaran murya irin na mai neman izinin shiga gida, ya ce ya yi. Nas ta lallashe shi, ta bubbuga masa baya. Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi kuka, na ce ya dubi yaransa. Ya rufe ido ya juya mini ƙeya. Lambar nan da na tsana ta soma gangarowa kuma, ƙirjinsa na wani kurkur, na ga likita ta ce a matso da injin kusa da gadon.

Da yammacin ranar aka bar Mai Boila ya shigo, karo na farko tun abin da ya faru. Ya yi sallama daga bakin ƙofa yana sanɗa. Na miƙe da sauri don in ba shi kujera. Ganin na taso, sai bawan Allah ya yi tsalle baya, ya dafe wuyan rigarsa da hannu biyu, ya maƙale a jikin ƙofa. Maigidana ya dube shi, ya dube ni, ya ɗaga gira yana neman bayani. Na harari Mai Boila. Ya dubi amininsa, sai alkawari ya sha ruwa.

Ya ba da labarin, kuma bai bayar yadda ya faru ba. A bakinsa daga wancan bangon na taso, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. A bakinsa sai da ya yi kalmar shahada. Ya kwaikwayi muryata yana cewa sai na karya hannun, ya nuna yadda idonsa ya fito, ya ce shekarun nan duk da yake cin tuwon gidanmu bai san da wa yake zaune ba, kuma yanzu ya gane dalilin da ya sa amininsa bai taɓa yin dare a majalisa ba.

Kafaɗar maigidana ta fara girgiza. Ya yi ƙoƙarin dannewa saboda zafi, ya kasa. Dariyar ta ƙwace, ta rikiɗe ta zama tari, tari na gaske tun daga ƙasan ciki, irin wanda muka kwana biyu muna roƙo. Nas ta rugo da tasa. Abin da ya fito baƙi ƙirin ne, ban so in kwatanta shi. Yana tari yana hawaye yana nuna ni da yatsa, ya kasa magana. Da ya lafa, ya ja wani dogon numfashi, na ji iskar ta shiga har ƙasa babu kurkur. Likita ta sa abin sauraro a bayansa, ta daɗe, ta ce ɓangaren dama ya buɗe, saura na hagu, ana bukatar wani kamar wannan.

Mai Boila ya saci kallona, a tsorace, yana jiran hukunci. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jawo kujerar na ajiye masa dab da gadon, na koma gefe na gyara mayafina.

"Malam," na ce, "ku zauna. Ku sake ba shi tun daga farko, kada ku rage komai."